Ruwan Wikki na Yankari: tsawon wane lokaci mai ciwon baya zai yi a ciki?

Ni tela ne, kuma duk wanda ya daɗe yana taka keken ɗinki ya san yadda ƙugu ke riƙewa, musamman bayan ɗinkin sallah. Likitan gashin ƙashi ne ya ba ni shawarar in riƙa motsa jiki a cikin ruwan ɗumi, shi ya sa na shirya na nufi Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Daga garin Bauchi hanyar Gombe ake bi, a ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar kilomita 40 da ɗoriya cikin daji kafin a kai masaukin Wikki.

Ruwan kam sai wanda ya gani. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai, kana tsaye kana hango yatsun ƙafarka a kan yashi. Tsawonsa ya kai mita 200, ɗuminsa kuma digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Tunda gudu yake yi yana gangarawa kogin Gaji, kullum sabo ne, kuma babu warin maganin nan da ake zubawa a tafkunan ninkaya na otal.

Wannan digiri 31 ɗin shi ne abin da ya fi burge ni. Zafin jikin mutum 37 ne, ke nan ruwan Wikki bai kai jiki zafi ba, ba zai galabaitar da kai ba. Kwamin ruwan zafi na manyan otal kuwa yakan kai digiri 40, kuma a irinsa minti 15 ne iyaka. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, bugun zuciya ya ƙaru, ƙarfin jini ya sauka, sai mutum ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Mu Hausawa mun ɗauka in ruwa bai yi zafin da za a ciji leɓe ba, gashi bai yi ba. Ni ban yarda da wannan ba, kuma bayana ne shaidata.

Abin da ya yi mini aiki shi ne minti 20 zuwa 30, da safe da kuma bayan la'asar. Ba zaman jiƙo nake yi ba. Ina shiga inda ruwa ya kawo mini ƙirji, in yi ta tafiya a hankali ina fuskantar inda yake gudowa, in ɗaga gwiwa, in murɗa ƙugu dama da hagu. A wannan zurfin ruwa yana ɗauke maka fiye da rabin nauyin jikinka, don haka motsin da ke gagarata a tsakar gida sai ya zo da sauƙi. Na ga masu shafe awa biyu a ciki don kuɗin motarsu ya fita. Sukan fito da yatsu a yamutse, ga gajiya, ga ƙishirwa, ban ga abin da suka ƙaru da shi ba.

Batun kwanaki ya fi na mintuna muhimmanci, kuma a nan ne nake son masu ciwo su yi wa kansu adalci. A Faransa, inda likita ke rubuta wa mutum jinya da ruwan ɗumi a garuruwa irin su Vichy da Dax, kwana 18 ake yi ana shiga, a cikin mako uku, kafin inshorar lafiya ta biya. Zuwan Asabar a koma Lahadi zai sassauta maka jijiyoyi, za ka yi barci mai daɗi, amma ciwon da ya shekara yana ginuwa ba zai tafi a haka ba. Ni sai da na jera kwanaki kafin na fara sunkuyawa in ɗaure takalmi ba tare da na dafa bango ba, kuma da na koma shago dole na ci gaba da motsa jikin da likita ya koya mini.

Mai ciwon gwiwa ya san da cewa matakala ake bi a sauka zuwa ruwan, kuma hawowa ya fi sauka wuya. Wajen bakin dutsen akwai zurfin da zai shanye mutum, wanda bai iya ruwa ba sai ya tsaya daga ƙasa, inda babu zurfi. Birai suna yawo a wurin, kada a bar abinci a fili. Ranakun hutu ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido sukan cika wurin, kuma fili ne maza da mata, saboda haka mai zuwa da iyali ya zaɓi tsakiyar mako, da sassafe.

Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara tambayar likita tukuna. Sauran masu fama da baya irina kuwa ina ba su shawarar su je, amma su yi tanadin kuɗin kwana, su riƙe ruwan sha a gefe, su fito in rabin awa ya cika.