Mujallar da ake biya a karanta ko buɗaɗɗiyar mujalla?

Malami a Jami'ar Marwa ko ta Njamena ya gama bincike, ina zai kai? A mujallar da ake biya a karanta, bugawa galibi kyauta ne, amma masana biyu ko uku ke tantancewa a asirce, a shafe watanni, kuma ɗalibansa ba sa iya buɗe maƙalar sai an biya. A buɗaɗɗiyar mujalla kowa ya karanta, sai dai nauyin kuɗin bugawa yakan koma kan marubuci: mujallar kimiyya ta Nature ta yanka Yuro 9,500 kan kowace maƙala a 2021, don haka a nemi rangwame tun farko.

Mun fi son tsarin Peer Community In, ƙungiyar masana masu tantance bincike: ka ɗora rubutun a shafin intanet na ajiye binciken da ba a buga ba tukuna, kamar bioRxiv, masana su duba kyauta, a wallafa sharhinsu a fili. Cikas ɗinsa, kwamitocin ƙarin girma sukan fi duba sunan mujalla.