Littafin ta'asis ko dawrar tajmi'at: amsa ga Hajiya kan lissafin Ƙudurat

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin littafin ta'asis (mai koyar da lissafi daga tushe) da dawrar tajmi'at ta intanet (kwas ɗin bidiyo kan tambayoyin da suka fito a baya) da kike tambaya saboda lissafin Ƙudurat na yaronki, wato jarrabawar gwajin basira ta shiga jami'a a Saudiyya, saya masa littafin. Ki haɗa masa da daftari mai kauri da fensir, ki karɓe kalkuleta ki kulle a durowa, domin ranar jarrabawa Ƙiyas, hukumar da ke shirya ta, ba sa barin kowa ya shiga da ita.

Namu littafin a wata maktaba, wato shagon littattafai, a nan Makka na saye shi, lokacin babbar 'yata tana aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare. Yarinya ce da malamai ke yabo a lissafi, amma da ta gwada ɓangaren kammi, wato na lissafi, sai lokaci ya ƙare tana tsakiyar hanya. Hannunta ya saba da na'ura, ga shi kowace tambaya kusan minti ɗaya ne rabonta. Littafin sai ya mayar da ita baya, can wajen kasaru (irin rabi da rubu'i) da nisba (irin 2 ga 3) da kaso cikin ɗari, abubuwan da ta raina tun tana mutawassiɗa, ƙaramar sakandare. Ta yi ta gunaguni wai an mayar da ita 'yar firamare. Kullum bayan la'asar ta baje a falo ta yi babi ɗaya, ƙanenta ya riƙe mata agogo yana jin kansa shi ne mai gadin jarrabawa, har da hana ta shan ruwa. Kafin a yi nisa ta haddace murabba'in lambobi har zuwa 25, ta san 1/8 shi ne 12.5 cikin ɗari, kuma da ta ga alwatika mai kusurwar digiri 90 da gajerun gefe 5 da 12 ba ta tsayawa lissafi, ta san ɗayan 13 ne. Yanzu littafin yana Jidda wajen ɗan ƙanwata, bangon ya sha salatif, gefen kowane shafi cike da rubutun fensir ɗinta, shi kuma ya ce wannan rubutun ya fi yi masa amfani.

Inda na fi ganin aikinsa shi ne tambayoyin muƙarana. Ana ba yaro ƙima biyu, ya zaɓi ɗaya cikin huɗu: ta farko ta fi, ta biyu ta fi, daidai suke, ko bayanin bai isa ba. A ce wanne ya fi girma, lamba ko murabba'inta? Mai gaggawa zai ce murabba'i mana, ai 3 tana ba da 9. To sa rabi: murabba'insa rubu'i ne, ya ragu ke nan. Sa 1, sun zo daidai. Amsar ita ce bayanin bai isa ba. Littafin ne ya koya mata ta gwada sifili, da ɗaya, da kasaru, da lambar da ke ƙasa da sifili kafin ta zaɓa. Haka abayar riyal 100 da aka ƙara wa kashi 20 aka dawo aka rage kashi 20: yawancin yara za su ce ta koma 100, alhali 96 ce, don ragin daga 120 aka cire shi. Yaron da ya gane dalilin, ko an canza masa lambobin zai fita. Wanda ya haddace cewa amsar "jim" ce, ana sauya 20 zuwa 25 ya faɗi.

Dawrar kuwa na taɓa biya. Malamin ya iya bayani, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma kallon bidiyon lissafi kamar kallon wata ce tana tuƙa tuwo, sai kin kama muciyar da kanki ki san akwai aiki. Wayar da ake kallon darasin ita ce dai wayar TikTok.

Tajmi'at, wato tambayoyin da ɗalibai ke tattarawa daga abin da suka tuna bayan sun fito, suna da ranarsu: makonni biyu ko uku na ƙarshe, don hannu ya yi sauri. Ba sai kin biya ba, suna yawo kyauta, kuma shafin Ƙiyas kansa yana da gwaji na kyauta. Tunda ana iya zama jarrabawar fiye da sau ɗaya kuma sakamako mafi girma ake ɗauka, ya shiga ta farko da wuri ya ga yadda ɗakin yake. Kada ki haɗa wannan da Tahsili, ɗaya jarrabawar shiga jami'a. Lissafin Tahsili daga manhajar sanawiyya yake fitowa, littattafan makarantarsa ne maganinsa, kuma akwai jami'o'in da a fannin kimiyya suke ba shi kashi 40, Ƙudurat 30, sakamakon sanawiyya 30.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Ki yi hattara da masu tallan Telegram da WhatsApp da ke cewa suna da "tasribat", wai tambayoyin da za su fito gobe, ko su yi alkawarin maki 95 zuwa sama. Tsofaffin tajmi'at ne suke canza wa bango, wasu ma amsoshin a karkace suke, kina tura kuɗi su toshe lambarki. Mafi sharri su ne masu cewa za su yi wa yaro rajista ko su samo masa gurbi kusa, sai su nemi lambar ikama (katin izinin zama) da lambar sirrin da ta shigo waya. Kada ki ba kowa, ko da Hausa ya yi miki magana ya kira ki Anti. Rajista a shafin Ƙiyas ake yi, yaron da kansa zai iya.

In kin je maktaba, buɗe littafin ki duba bayansa kafin ki biya. Wanda ya jera haruffan amsa kawai, alif, ba, jim, ajiye shi. Ɗauki wanda ya warware kowace tambaya mataki-mataki, bugun baya-bayan nan, kuma ki tabbatar na kammi ne, don wasu masu shago na lafzi, wato ɓangaren harshe, suke miƙo wa mutum in na kammin ya ƙare. Allah ya ba yaron sa'a.