Haɗa ƙyallaye ko surfani: wanne ya fi ɗaukar labarin jinsi?

Masu fasahar yadi da ke magana kan jinsi da haƙƙin masu sauya jinsi sukan bi ɗayan hanyoyin nan biyu.

Haɗa ƙyallaye aikin jama'a ne. A 1987 aka shimfiɗa a Washington bargon tunawa da waɗanda cutar AIDS ta kashe, ƙyalle 1,920, kowanne ƙafa uku faɗi, ƙafa shida tsawo, daidai girman kabari. Ƙarfin haɗa ƙyallaye shi ne rigar mutum ce ke shiga ciki, har da wadda ya daina sawa bayan ya sauya jinsi. Amma tsohon yadi yana da rigima. A wanke kowanne daban kafin yanka, in ba haka ba wani ya tsuke, ja ya zuba a kan fari. A bar milimita 6 a bakin ɗinki, riga mai talewa kuma a manna mata shafi, don kada ta karkace.

Surfani ya fi dacewa da rubutu da sunaye. Mai son nuna yadda dokar Turawan Ingila ta 1871 ta sa a riƙa rajistar al'ummar "hijra" (masu jinsi na uku) a Indiya zai iya ɗinka kalmominta, ya bi su da jan zare ya soke. Zaren surfani sili shida ne, a raba a ɗauki biyu. In aka ja da ƙarfi, yadin ya tattare, guga ba ta gyara shi.

Don zanga-zanga, mun fi son ƙyallaye, domin daga nesa ba a karanta surfani.