Rediyon allo da na sa wa Corolla: maɓallin ƙara murya ya ci min tuwo a ƙwarya

Wannan rediyon mai allon taɓawa da ake yayi, wanda duk mai tsohuwar Corolla yake rige-rigen sawa, ni ma na bi sahu. Kun san kuɗinsa, kun san inda ake sayarwa. Allon yana da haske, Bluetooth yana kama waya ba gardama. Matsalata ɗaya ce, ƙarar murya, kuma ita ta cinye duk wani daɗi.

Lambobinsa daga 0 zuwa 30 ne. Ranar na ɗauko Hajiyarmu daga Zariya da daddare, ta gaji ta kwantar da kai a kujerar baya. Na ce bari in sa karatu can ƙasa-ƙasa don kada barci ya ɗauke ni a kan sitiyari. A 1 ba na jin komai sai gurnanin inji. Na taɓa 2, na taɓa 3, sai sifikun baya suka ɗauka gaba ɗaya. Hajiya ta zabura tana salati. "Kai ɗan nan, kurumcewa ka yi ne?" Na ce ki yi haƙuri Hajiya, na mayar 1, na koma sauraron inji har Kwanar Dangora. Babu tsakiya: ko shiru, ko ihu.

Abin haushin kuma, da rana a kan babbar hanya, gilashi a sauke, ka kai shi 15 ka ci gaba da dannawa har 30, bambancin ɗan kaɗan ne. Rabin lambobin ado ne kawai.

Na kai wa mai rewaya, na zaci waya ce ya haɗa ba daidai ba. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ba waya ba ce, lissafin cikinsa ne." Ya zaro tsofaffin maɓallan juyi biyu daga gwangwani, ɗaya an rubuta B50K, ɗaya A50K. Mai B yana ƙara ƙarfi daidai-wa-daida a kowane juyi. Mai A kuwa yana farawa a hankali sannan ya riƙa ninkawa, shi ake sa wa kayan sauti, don kunnen mutum ninki yake ganewa, ba ƙari ba. Nawa kamar mai B aka tsara shi, sai dai a manhaja.

Da ka zauna ka lissafa sai abin ya fito fili. Daga 1 zuwa 2 ka ninka ƙarfin siginar, tsallen desibel 6 ke nan a dannawa ɗaya (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Daga 15 zuwa 30 ma desibel 6 ɗin ne, amma sai ka danna sau 15. Daga 29 zuwa 30 bai kai rabin desibel ba, wa zai ji? Alhali kunne yana buƙatar wajen desibel 10 kafin ya ce murya ta ninka. Rediyon da ya zo da motar, mai kaset da nake rainawa, kowane juyi yana ƙara abin da kunne zai ji daidai da na baya.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce a saya, tunda sauran abubuwan suna aiki, kuma mai rewaya ya rage min ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, abin ya ɗan lafa. To amma yanzu na tuna, rage ɗin da aka yi ya sa 30 ba ta isa a kan hanya, ga muryar taswira mai nuna hanya da take faɗowa da ƙarfinta ba ruwanta da inda ka ajiye lamba. Wanda ya sayar min kuwa cewa ya yi duk haka suke zuwa, kuma an riga an yanka waya ba a mayarwa.

Mai ɗaukar yara ko tsofaffi da dare, kada ya saya sai an jona masa a shago ya gwada 1 zuwa 5 da kunnensa. Ni dai ina neman wanda zai karɓa ko da faɗuwa ne.