Awa uku a bayan farar fuska: yadda muka kwashe da The Burnt City

Tun a jirgin ƙasa Yaya take tambayata ko kujerunmu na gaba ne ko na baya. Na ce mata babu kujera. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wato kuɗi kika zuba don mu je mu tsaya?" Hutu ta zo yi wurina a Landan daga Kano. Ni kuma 'yan ajinmu sun cika mini kunne da labarin wannan wasan kwaikwayo, The Burnt City, ga shi an ce a watan Satumbar shekarar, 2023, za a rufe shi, sai na ce gani ya kori ji.

Kamfanin Punchdrunk ne ya shirya shi, wanda Felix Barrett ya kafa a shekarar 2000. Su ne masu wasan Sleep No More da aka yi a New York daga 2011 zuwa 2025. Wannan na Landan an buɗe shi a 2022, Barrett da Maxine Doyle suka ba da umarni. A unguwar Woolwich aka yi shi, daf da tashar jirgin layin Elizabeth, cikin tsofaffin gine-ginen da a da ake ƙera wa sojojin Birtaniya makamai. Wasan yaƙi a gidan makamai, wannan kam sun iya zaɓen wuri.

A bakin ƙofa aka sa wayoyinmu a 'yar jaka aka kulle, aka miƙo mana jakar mu rataya. Aka ba kowa farar fuskar roba mai ɗan tsini a gaba. Doka uku ce: kada ka cire fuskar, kada ka yi magana, ka tafi duk inda ranka ya so. Ni a kan hijabi na ɗaura tawa, ta zauna daram. Yaya ce ta sha fama, don tabarau da wannan fuska ba sa ga maciji. Ɗakin farko an shirya shi kamar gidan adana kayan tarihi, da tukwane a cikin gilashi da bayanin haƙar da Bajamushen nan Heinrich Schliemann ya yi a ƙasar Turkiyya ta yanzu cikin shekarun 1870, yana neman kangon birnin Troy. Daga nan sai duhu. Ban yi minti goma ba na nemi Yaya na rasa. Ko ina na waiga farar fuska ce, duk iri ɗaya.

Tsohon labarin Girkawa ne, daga wasanni biyu, Agamemnon na Aeschylus da Hecuba na Euripides. Sarki Agamemnon ya yanka 'yarsa Iphigenia domin iska ta kaɗa jiragen yaƙinsa su isa Troy. Ya ci birnin, ya dawo gida, matarsa Clytemnestra ta rama wa 'yarta. Can a Troy kuma sarauniya Hecuba ta rasa 'yarta Polyxena, sannan amintaccen da ta damƙa wa ɗanta ya kashe yaron, ta ƙwaƙule masa idanu. Uwa biyu, kowacce da jinin ɗa a gabanta. Na faɗi wannan a fili ne saboda a cikin ginin babu mai faɗa maka. Kusan babu magana a wasan, da rawa da motsin jiki ake komai. Wanda ya shiga bai san labarin ba, zai ga mutane suna kokawa da juna cikin hayaƙi ne kawai.

Gini biyu ne, an ce faɗinsu ya kai murabba'in ƙafa 100,000. Ɓangaren Girka wani makeken zaure ne mai sanyi da duhu, da wasu manyan ƙarafa a gicciye kamar shingen tare tankar yaƙi, da doguwar matattakala. A nan na ci karo da yankan Iphigenia, ban ma san shi zan tarar ba. Na bi wata yarinya ne da aka yi wa kwalliya kamar amarya, jama'a na biye da ita, har aka hau da ita saman ƙarfen. Tsakanina da uwar bai fi taku biyar ba. Ina jin numfashinta, ina ganin zufa a wuyanta. Mu kuwa, wajen mutum ɗari, muka yi cirko-cirko muna kallo, ba wanda ya ce uffan. Sai da na ɗaga kai na ga fararen fuskokin nan sun yi layi a bene suna leƙowa, tsigar jikina ta tashi. Mu ne mutanen garin da aka yi abin a gabansu suka yi shiru.

Troy kuwa wata duniya ce dabam. Lunguna ne matsattsu, fitilu masu launi, shaguna, ɗakunan kwana, wurin rawa. A nan na ɓata lokacina, kuma ban yi nadama ba. Kana iya jan aljihun tebur ka karanta wasiƙa, ka buɗe littafin ajiyar bashi, ka shinshina kwalba. Na zauna a bakin wani gado ina duba hotuna kamar wadda ta shiga ɗakin kishiya ba ta nan. Ƙamshin kowane ɗaki dabam. Wanda ya yi wannan aiki bai yi ha'inci ba, har inda ido ba zai kai ba an gyara.

Amma fa duk mintin da ka yi kana bincike, wani abu yana faruwa a wani wuri ba ka nan. Ni ban ga kisan Agamemnon ba sam. Sau uku ake maimaita labarin a dare ɗaya, kowane zagaye wajen awa guda, domin wanda ya rasa a farko ya samu a gaba, duk da haka sau biyu ina isowa ana watsewa. Wannan ne ya fi ci wa masu sharhin jaridun Ingila tuwo a ƙwarya. Kusan dukkansu sun yaba ginin da fitilu da kiɗa da ƙwarewar 'yan rawa, amma da yawansu sun koka cewa labarin ba ya kamuwa, mutum ya yi ta yawo a wuri fayau yana jin kamar ana biki a maƙwabta ba a gayyace shi ba. Ban ce sun yi ƙarya ba, ni ma na ji hakan a cikin awa ta biyu, ƙafa ta gaji, fuskar ta jiƙe da gumi. Inda na rabu da su shi ne, sun je neman abin da ba a ajiye ba. Mai sharhi yana zuwa sau ɗaya, ya rubuta kamar ya ga wasan. A nan kuwa ba wanda ya ga wasan. Kowa ya ga rabonsa ne.

Sai ɗaya ɓangaren, 'yan gani-kashe-ni. Akwai masu zuwa sau goma, sau ashirin, suna musayar taswira a intanet, sun san ƙofar da kowane ɗan wasa zai ɓullo da mintin da zai ɓullo. Abin da suke farauta shi ne a ja mutum shi kaɗai cikin ɗaki a rufe ƙofa, a yi masa wasa na 'yan mintuna, shi da ɗan wasan kawai. Za ka gane su ba sai an nuna maka ba: su ne ke tsaye a daidai wurin tun kafin komai ya fara. Wani dogo ya bangaje ni a kan matattakala yana bin wata 'yar wasa a guje, ko waiwaye bai yi ba. Fuskar nan tana cire wa mutum kunya. Ni kaina na kama kaina ina kutsawa tsakanin mutane yadda ba zan taɓa yi ba da fuskata a buɗe. Ban samu shiga ɗakin ba. Na ga dai an kama hannun wata da ke gefena, ƙofa ta rufe, muka tsaya muna kallon katako. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai ƙarami ne. Na gaji da bin taro, sai na bi wani ɗan wasa da ba kowa a bayansa, mai aikin hidima ne a labarin. Ya shiga wani ɗaki ya hau shirya kaya a hankali, mu biyu kacal muke kallonsa. Bai rage komai ba don mu biyu ne. Da zai fita ya tsaya ya ƙura mini ido, har na rasa inda zan sa kaina.

Ina tsaye a wurin tashe ya faɗo mini. Mu ma ai mun san wasan da ba dandamali, wanda yara ke kawo maka har tsakar gida idan azumi ya kai goma, ɗan wasa yana taka tabarmarka. Bambancin shi ne a tashe mai kallo yana da baki. Ana amshi, ana shewa, tsohuwa ta tsokani mai gemun auduga ya rama. A Woolwich an matso da kai kusa ƙwarai, an kuma ɗaure maka baki. Ga Bahaushe, kallo babu sharhi rabin kallo ne, kuma ina jin wannan ne ya kori Yaya.

Don a mashayar wurin na same ta, inda aka yarda a cire fuska, ana waƙe-waƙe a ɗan dandamali. Ta cire takalmi ɗaya, ga lemo a gabanta. Ta ce ta yi awa ɗaya da rabi tana zagaye kango, ta ga wani yana wanke hannu, ta ga wata tana kuka, ba wanda ya ce mata ga dalili. Na ce, "Yaya, ba ki ga yankan yarinyar ba?" Ta ce wace yarinya? Ita kuma ta ga makantar da maci amanar, wanda ni ban gani ba, ta ce ta kau da kai. Gini ɗaya, dare ɗaya, kamar ba wuri ɗaya muka je ba.

An rufe wasan a Satumbar 2023. Shawarata a lokacin ga mai niyyar zuwa kafin a rufe ita ce ya karanta labarin tukuna, ya sa takalmi mara tsini, kada kuma ya wahalar da kansa wajen riƙe hannun abokin tafiya. Ya san cewa akwai tsiraici a wasu wurare, akwai jini, akwai duhu da ƙara mai yawa, ba wurin zuwa da yara ba ne, kuma ba kowane babba ne zai ji daɗin hakan ba. Ya lissafa lokacin sallarsa, don awa uku ne babu hutu, magaribar bazara a Landan kuma sai wajen ƙarfe tara. Tikitin bai yi arha ba. Ni a wurina kuɗin sun fanshu, kuma na so komawa sau ɗaya, in tsaya a zauren Girka in ƙi motsawa har sai Agamemnon ya dawo gida.

A hanyar komawa Yaya ta riƙe fuskarta a cinya, don ana barin mutum ya tafi da ita. Na ce ta ba ni tunda wasan bai yi mata ba. Ta ce a'a, za ta kai wa yara Kano, azumi na zuwa.