Cocido a Madrid, da kasuwar masu sana'ar hannu da na taras babu

Ranar Lahadin da ta wuce na ci cocido, dafukar wake da nama ta gargajiyar mutanen Madrid, a wani ɗan gidan abinci da ke ƙasa da kasuwar Rastro a Madrid, bayan shekaru masu yawa rabona da shi. Kafin komai, ga jan kunne ga 'yan uwa Musulmi: cocido irin na gargajiya cike yake da naman alade, da kitsensa, da tsiran chorizo. Tsofaffin gidajen da suka yi suna a kansa, irin su La Bola da aka buɗe a 1870, haka suke dafa shi. Sai ka tambaya kafin ka zauna. Inda na ci na wani Bamaroke ne da matarsa 'yar Sifen, naman sa na halal da kaza kawai suke sawa.

Tukunya ɗaya ce, amma sau uku ake kawo maka ita. Da farko romo zalla da siririyar taliya a ciki. Wannan romon shi ne ma'aunin mai girki, kuma nasu ya ci jarabawa: ɓargo ya narke a ciki, ga kauri har yana kama leɓe, sanyin da na kwaso a titi ya sake ni tun a cokali na uku. Sai kuma waken garbanzo, wanda ya yi kama da gujiyarmu, tare da kabeji da karas da dankalin turawa. An jiƙa waken tun daren jiya, an dafa shi a ƙaramar wuta har ya yi lugub amma bai fashe ba. A nan na fi daɗewa, ina murƙushe shi da cokali mai yatsu ina zuba man zaitun. Nama ya zo a ƙarshe. Na ƙafar san ya yi taushi sosai, kazar kuwa ta bushe, duk daɗinta ya tafi cikin romo. Gishiri ma ya ɗan yi yawa. Duk da haka zan koma, kuma ina ba da shawarar a je da yunwa, wajen ƙarfe biyu na rana, a cikin hunturu.

Da na fito sai ƙafa ta ja ni gangare zuwa Puerta de Toledo, wata tsohuwar ƙofar birnin, don a can na fara jin sunan wannan abinci. Ginin da ke gefen ƙofar asalinsa babbar kasuwar kifi ce ta birnin, tun shekarun 1930. Da aka kwashe masu kifi zuwa Mercamadrid, babbar kasuwar sarin kayan abinci, a 1982, sai aka gyara wurin ya koma kasuwar kayan tarihi da zane da aikin hannu. Lokacin da nake sabon zuwa, ina yawo da jakunkunan fata na Kano ina neman mai saye, nan nake shiga. Akwai wani dattijo mai ɗinkin fata da yakan karɓi jakata ya juya ta, ya shinshina, ya bi ɗinkin da babban yatsa. Ba ma jin yaren juna sosai, amma ya san jimar bagaruwa da gani. Shi ya ce min duk wanda bai ci cocido ba bai zo Madrid ba, kuma shi ya faɗa min gaskiyar abin da ke cikinsa don kada in ci a rashin sani.

Tun a lokacin ciniki ya ja baya, shaguna na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ginin na Jami'ar Carlos III ne, ɗalibai ke shige da fice da kwamfutocinsu. Ba na ƙin ilimi, amma raina ya sosu. Babu ƙamshin fata, babu ƙarar guduma, babu wanda zai ɗauki abu a hannu ya gaya maka yadda aka yi shi. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci ina neman gurbin shagon dattijon, na kasa gane wurin, sai na sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na kama hanyar masauki.