Kwalin gwajin Annexin V-FITC da PI: yana biyan buƙata, amma sai da kalsiyam

Masu bincike a Katsina da ke son gane ko tsimin wani ganye yana kashe ƙwayoyin cutar daji, wannan kwali ya cancanci kuɗinsa. Kwalba uku ce a ciki: furotin Annexin V mai ɗauke da koren rini FITC, jan rini PI, da ruwan haɗi mai ɗauke da kalsiyam, mai ƙarfi ninki 10.

Idan ƙwayar halitta ta fara mutuwa, wani maiƙo mai suna fosfatidilserin, wanda ke ɓoye a cikin tantaninta, yakan juyo waje. Annexin V yana da fuska mai ɗan doro, a nan kalsiyam ke zama ya ɗaure shi da maiƙon. Furotin ɗin kan haɗu uku-uku ya shimfiɗu kamar raga, har ya lanƙwasa tantanin. Da haka ma yake taimakawa wajen toshe ɓula idan tantani ya yage. In babu kalsiyam, ba zai kama komai ba.

A sirka ruwan haɗin, kashi 1 cikin kashi 9 na tataccen ruwa, kalsiyam ya dawo milimola 2.5. A wanke ƙwayoyin sau biyu da ruwan gishirin PBS mai sanyi, a zuba kimanin 100,000 a maikirolita 100 na ruwan haɗi, a ɗiga maikirolita 5 na Annexin da 5 na PI. Minti 15 a duhu, a ƙara maikirolita 400 na ruwan haɗi, a karanta a na'urar ƙirga ƙwayoyi (flow cytometer) kafin awa guda. Kore kaɗai farkon mutuwa ne. Kore da ja, tantani ya riga ya fashe, domin PI ba ya shiga sai ta fasasshen tantani.

Inda aka fi yin asara shi ne tirifsin, ruwan ɓamɓaro ƙwayoyi daga mazubinsu, in yana ɗauke da sinadarin EDTA. EDTA na ƙwace kalsiyam, in ba a wanke shi sarai ba sai a ga babu kore, a ɗauka ganyen ne bai yi aiki ba. Gaggawa da fifet, wato bututun zuƙo ruwa, kuma tana yaga lafiyayyun ƙwayoyi su fito da kore na ƙarya.

Aibin kwalin, Annexin ɗin a ƙididdige yake, bututun gwada na'ura ma daga ciki za su ci. Ba ya son zafi, ba ya son daskarewa: digiri 2 zuwa 8. A zafin Afrilu, kada a karɓi kwalin da ya iso daga Legas ƙanƙararsa a narke, kuma a tanadi firjin da ke kan sola.